Na'urar Baki ta Masu Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci: Yadda Ake Biyan Kuɗinta a Ƙasar Amurka

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da magatakardansu. Tun da aka sa hannu a kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa a shekarar 2022, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan mazauna Nijeriya, takardun asibiti sun shiga cikin abubuwan da talakawa za su riƙa kawowa ofishin hakimi don a karanta musu, ko a rubuta musu amsa. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin inshora ita ce a ɗauki ciwo guda da magani guda, a ƙasar da ta daɗe tana wannan sha'ani, a bi takardunsu daga farko har ƙarshe. Saboda haka aka zaɓi ƙasar Amurka, aka kuma zaɓi wata 'yar na'ura da ake sa wa mutum a baki don kada numfashinsa ya ɗauke yana barci. Abin da darasin zai nuna shi ne, ko ciwo ya tabbata, magani kuma ya dace, ba a biyan ko kwabo sai takardu sun cika, sun kuma zo bi da bi yadda doka ta jera su.

1. Ciwon da ake magana a kansa

Kowa ya san minshari, har akan yi wa mai yinsa ba'a. Amma akwai minsharin da ya wuce ba'a. Idan mutum ya yi barci, naman jikinsa yakan saki, har da harshe da naman maƙogwaro. Ga waɗansu mutane sakin nan yakan yi yawa, har harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jan numfashi, iska kuwa ba ta wucewa. Da iskar da ke raya jini ta ragu sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mai barcin, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, sa'an nan ya koma barci bai san abin da ya faru ba. Galibi iyalinsa ne suke fara lura, domin su ne ke jin minsharin ya yanke, ɗaki ya yi tsit, sa'an nan ya dawo da gurnani.

Kada a rikita wannan da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa. Wancan ƙwayar cuta ce a cikin jini; wannan kuwa toshewar hanya ce kawai. Ya fi kama masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda haɓarsu ta ja baya, kuma ya fi yawa ga maza da waɗanda shekaru suka fara ja. Mai shi yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini yana gyangyaɗi a majalisa ko a bakin aiki. In direba ne, hatsarin ya shafi duk wanda ke cikin motarsa. In an bar ciwon ya daɗe yakan taimaka wa hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka buga a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya, masu shekara 30 zuwa 69, suna da shi, ko kaɗan ko da yawa.

Ba a tabbatar da ciwon da jin labari. Sai an yi awon barci, watau mutum ya kwana da na'urori a jikinsa, ko a asibiti ko a gidansa, suna ƙidaya sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu ƙwarai na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Sai a raba jimlar da sa'o'in barcin. In an sami 5 zuwa 14 a kowace sa'a, ciwon mai sauƙi ne. 15 zuwa 29, matsakaici. 30 ko fiye, mai tsanani. Ya kamata a riƙe waɗannan alƙaluma, gama a kansu ne dukan maganar biya ta rataya.

2. Magunguna biyu

Babban maganin shi ne injin hura iska, wanda likitoci ke kira CPAP. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya ƙago shi a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ya kuma bayyana shi ga likitocin duniya a shekarar 1981. Mai ciwon yakan ɗaura abin rufe hanci, injin yana tura masa iska a hankali dare farai, iskar tana riƙe maƙogwaro a buɗe. Aikinsa yana da kyau ƙwarai, amma mutane da yawa ba su iya jure kwana da shi, kuma yana bukatar wutar lantarki.

Magani na biyu shi ne na'urar baki. Likitan haƙori yakan ɗauki siffar haƙoran mutum, na sama da na ƙasa, a ƙera masa abin roba mai tauri wanda zai hau su daidai, kamar yadda kube ke hawa wuƙa. Na'urar tana tura muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, harshe ya bi shi, hanyar iska ta buɗe. Ana iya ƙara turin a hankali har a kai inda ya dace. Ba ta bukatar wuta, ba ta da ƙara, tana kuma shiga aljihu. Amma tana da nata aibi: takan sa ciwon muƙamuƙi da yawan yawu da farko, in an daɗe kuma takan ɗan gusar da haƙora, sa'an nan ba ta zama sai ga wanda ke da isassun haƙora masu ƙarfi. A shekarar 2015 ƙungiyoyi biyu na likitocin barci da na likitocin haƙori a Amurka suka fitar da shawara tare, cewa a ba da ita ga babban mutum wanda ya kasa jure injin ko ya fi son wata hanya, kuma a ba da wadda aka ƙera domin bakinsa shi kaɗai, maimakon ta kanti.

3. Aljihu biyu na inshora

Inshora tana kama da adashe. Mutane da yawa suna zubi wata wata, wanda rashin lafiya ya faɗa wa a biya masa daga asusun. Bambancinta da adashe shi ne, ba kowa ke kwasa ba, kuma ba kowane ciwo ake biya wa ba, sai wanda aka rubuta a cikin yarjejeniya.

A Amurka inshorar jiki daban take, ta haƙori daban. Nan ne rikicin farko yake. Likitan haƙori ne ya ƙera na'urar, a baki kuma ake sa ta, don haka mai ciwo yakan zaci inshorar haƙori ce za ta biya. Ba haka ba ne. Ciwon na numfashi ne, saboda haka inshorar jiki ake kai wa takardar. Magatakardan likitan haƙori, wanda ya saba da fom ɗin cire haƙori da cike rami, tilas ya koyi wani fom dabam, mai lamba CMS-1500, da waɗansu lambobi dabam.

Asusun da ya fi kowane bayyana ƙa'idojinsa a fili shi ne Medicare, wanda gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa a shekarar 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, domin masu shekara 65 zuwa sama, daga baya aka ƙara da waɗansu naƙasassu. Dokar da ta kafa shi ta ware aikin haƙori na yau da kullum, ta ce ba a biyansa. To, ta yaya na'urar baki ta sami shiga? Ta shiga ne ta ƙofar kayan jinya masu daɗewa, watau ajin da keken guragu da gadon asibiti da injin hura iska suke ciki. An fara aiki da ƙa'idarta a watan Janairu na shekarar 2011. Sakamakon haka, a idon asusun likitan haƙori ɗan kwangilar kayan jinya ne, kuma sai ya yi rajista ta musamman a wannan matsayi kafin a karɓi takardarsa. In bai yi ba, ko ya fi kowa gwaninta, asusun ba ya biyan kome a kan na'urarsa.

4. Takardu shida da jerinsu

Ta farko, rahoton likitan jiki. Lalle ne ya ga maras lafiya ya duba shi, ya rubuta abin da ya gani, tun kafin a yi awon barci.

Ta biyu, sakamakon awon barci. In ya nuna 15 ko fiye a kowace sa'a, da jimlar tsayawa 30 aƙalla a daren, ya isa. In tsakanin 5 da 14 ne, da jimlar 10 aƙalla, sai likita ya haɗa da shaidar cewa ciwon yana ɓarna: yawan barcin rana, ko rikicewar tunani, ko ɓacin rai marar dalili, ko rashin barci, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko kuwa mutumin ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. In ya haura 30 a sa'a, ana so a rubuta cewa ya kasa jure injin hura iska, ko likita ya ga injin bai dace da shi ba. Minshari kaɗai, kome ƙarfinsa, ba a biya masa.

Ta uku, umurnin likitan jiki a rubuce, bayan ya karanta sakamakon awon, cewa a yi wa wane na'urar baki. Likitan haƙori ba shi da ikon yanke hukunci da kansa cewa ciwon ne.

Ta huɗu, rahoton likitan haƙori a kan lafiyar haƙora da dasashi da muƙamuƙi, da irin na'urar da ya zaɓa. Ba kowace na'ura asusun ke karɓa ba. Akwai jerin waɗanda aka bincika aka amince da su, kuma daga cikin sharuɗɗan akwai cewa ɓangaren sama da na ƙasa su kasance da mahaɗi kafaffe, kamar na ƙyauren ƙofa.

Ta biyar, shaidar miƙawa, mai kwanan wata da sa hannun maras lafiya, cewa na'urar ta shiga hannunsa.

Ta shida, takardar neman biya. A kanta ake rubuta lambar ciwon, G47.33, da lambar na'urar da aka ƙera domin mutum guda, E0486. Ana kuma ƙara haruffa biyu, KX, waɗanda ma'anarsu ita ce mai neman biya ya tabbatar dukan sharuɗɗa sun cika, shaidu kuma suna cikin fayil. Wanda ya rubuta haruffan nan alhali fayil ɗinsa bai cika ba, in masu binciken lissafi suka zo, zai mai da kuɗin, watakila ma ya fuskanci shari'a. Ana da shekara guda daga ranar miƙawa a aika da takardar.

Jerin nan yana da muhimmanci daidai da takardun kansu. In kwanan watan awon barci ya riga na rahoton likita, ko an miƙa na'ura kafin a rubuta umurni, takardu shida sun cika a ƙirge, amma an ɓata jeri, sai a ƙi biya. Duk magatakardan da ya taɓa kai bauca wurin ma'aji ya san wannan: ba a fid da kuɗi tukuna sa'an nan a nemi izini.

5. Lissafin kuɗin

Ko an amince, asusun ba ya ɗaukar nauyin duka. Kowace shekara akwai wani adadi da maras lafiya zai fara biya daga aljihunsa kafin asusun ya sa hannu. A shekarar 2025 adadin nan dala 257 ne. Bayan wannan, asusun yana biyan kashi 80 cikin 100 na farashin da shi kansa ya yanke, maras lafiya ya biya kashi 20.

Ga misali domin koyon lissafi kawai. A ƙaddara farashin da asusun ya yanke wa na'urar dala 1,257 ne, kuma dattijon da aka yi wa ita bai je asibiti ba tukuna a wannan shekara. Zai fara biyan dala 257, saura 1,000. Daga cikin wannan asusun ya ɗauki 800, shi ya ɗauki 200. Jimlar abin da ya fita daga aljihunsa dala 457 ke nan. In kuwa ya riga ya cika dala 257 ɗin a wata jinya tun farkon shekara, kashi 20 kaɗai zai biya, watau dala 251 da santi 40.

Akwai abu uku kuma da suka shafi lissafin. Na ɗaya, kuɗin da aka biya ya haɗa da ɗaukar siffar haƙora, da sa na'urar, da dukan gyare-gyaren da za a yi cikin kwana 90 na farko. Ba a sake neman kuɗi a kansu. Na biyu, an ɗauka na'urar za ta yi shekara 5, ba a biyan sabuwa kafin nan sai in ta ɓace, ko an sace ta, ko wani hatsari ya lalata ta. Na uku, likitan haƙori yana iya yin rajista amma bai yarda da farashin asusun ba. In haka ne, yana iya neman abin da ya fi, bambancin kuma a kan maras lafiya yake. Don haka mai hankali yakan tambaya tun ranar farko ko likitan ya karɓi farashin asusun.

Kamfanonin inshora masu zaman kansu, waɗanda yawancin ma'aikatan Amurka ke ƙarƙashinsu, kowane da nasa ƙa'idoji, ko da yake da yawa suna bin sawun Medicare. Galibinsu suna so a nemi izini a rubuce kafin a fara aiki, kuma sukan biya fiye in likitan yana cikin jerin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da su.

6. Inda aka fi yin tuntuɓe

Babban ramin da mutane ke faɗawa shi ne ƙa'idar nan da ta ce ba a biyan kaya biyu masu aiki iri ɗaya. A ƙaddara an ba wani dattijo injin hura iska, asusun ya biya. Ya gwada, ya kasa, ya tura shi ƙarƙashin gado bai gaya wa kowa ba. Bayan shekara biyu gyangyaɗi ya dame shi, ya tafi wurin likitan haƙori aka ƙera masa na'urar baki. Takarda ta isa ofishin asusun, aka duba rajista, aka ga an riga an biya masa maganin wannan ciwo, shekara 5 kuma ba ta cika ba. Sai a ƙi. Dattijon bai yi ƙarya ba, likitan bai yi ha'inci ba, na'urar kuma tana yi masa amfani. Abin da ya rasa shi ne rubutu. Da ya koma wurin likitansa tun watannin farko, aka rubuta cewa ya gwada injin ya kasa, da dalilin kasawar, da yana da hujjar da zai tsaya a kanta.

Saboda irin wannan ne aka tanadi wata takardar gargaɗi. In likita yana zaton asusun zai ƙi, wajibi ne ya sanar da maras lafiya a rubuce kafin aiki, ya faɗi dalili da ƙiyasin kuɗi, maras lafiya ya zaɓa ya sa hannu. In likita bai ba da takardar nan ba alhali ya kamata ya sani, aka kuma ƙi biya don an ga aikin bai cika sharaɗi ba, asarar takan koma kansa.

Ƙin biya ba shi ne ƙarshen magana ba. Ana da kwana 120 a nemi a sake duba takardar. In ba a gamsu ba akwai matakai huɗu a gaba: wani ofishi mai zaman kansa, da alƙalin sha'anin mulki, da majalisar ɗaukaka ƙara ta asusun, da kotun tarayya. Amma kowane mataki yana da wa'adinsa, wanda ya bari ya wuce ba da ƙwaƙƙwaran uzuri ba ya rasa haƙƙinsa.

7. Abin da hakimi da magatakarda za su ɗauka

Lambobin da aka ambata na Amurka ne, ba su aiki a Nijeriya. Amma ginin abin ɗaya ne. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na Nijeriya a shekarar 1999, aka fara aiki da shi a 2005, sa'an nan dokar 2022 ta maye gurbinta, jihohi kuma suna da hukumomin adashen lafiya nasu. A nan ma akwai jerin abubuwan da ake biya da waɗanda ba a biya, akwai asibitin farko da mutum ya yi rajista da shi, akwai takardar turawa da izini kafin a ga babban likita. Talakan da ya tsallake matakin farko yana iya biyan abin da da asusu ne zai biya masa.

Saboda haka, in talaka ya kawo irin wannan matsala, ya kamata magatakarda ya kiyaye waɗannan:

(a) Ya tambayi asusun a rubuce ko maganin yana cikin jerin abin da ake biya, kafin a kashe kuɗi, ya kuma nemi amsa a rubuce.

(b) Ya tabbata an fara daga asibitin da mutumin ya yi rajista, an kuma karɓi takardar turawa.

(c) Ya duba suna da lamba da kwanan wata a kowace takarda, su yi daidai da na katin inshora.

(d) In an ba mutum magani ya kasa amfani da shi, a shawarce shi ya koma wurin likita a rubuta, kada ya ajiye shi shiru.

(e) A ajiye kwafin kowace takarda da kowane rasit a fayil guda, bisa jerin kwanakinsu.

(f) In an ƙi biya, a nemi dalili a rubuce, a kuma tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar.

Hakimi kuma, in ya ji labarin mai minsharin da numfashinsa ke yankewa, yana gyangyaɗi da rana, musamman direban mota ko mai aiki da inji, ya kamata ya sa dagaci ko mai unguwa ya ja shi gefe ya shawarce shi ya ga likita. Rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimaka wa mutane da yawa, amma likita ne kaɗai zai faɗi matsayin ciwon.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa ake kai takardar na'urar baki ga inshorar jiki, alhali likitan haƙori ne ya ƙera ta?

2. An auna wani mutum aka sami 9 a kowace sa'a. Wace shaida ce likita zai ƙara kafin Medicare ya biya?

3. A jera takardu shida yadda suke bin juna, a kuma faɗi abin da zai faru in ta biyu ta riga ta farko.

4. In farashin da asusun ya yanke dala 1,757 ne, maras lafiya kuma bai biya kome ba a shekarar 2025, nawa zai fita daga aljihunsa?

5. Wane kuskure ne dattijon da ya ajiye injinsa ƙarƙashin gado ya yi, kuma wace shawara magatakarda zai ba wanda ya zo masa da irin wannan labari?